Magungunan gargajiya na dabbobi: amfaninsu da iyakarsu

Makiyaya da manoma da yawa a arewacin Nijeriya da kudancin Jamhuriyar Nijar kan fara neman maganin dabbobinsu ne a daji, kafin su nemi likita ko su shiga kantin sayar da magani.

Sassaƙen maɗaci, da 'ya'yan bagaruwa, da ganyen sabara, da kanwa, suna cikin abubuwan da aka daɗe ana bai wa shanu da tumaki da awaki da dawaki idan suka kamu da rashin lafiya.

Al'amarin ba ƙarami ba ne idan aka dubi yawan dukiyar da ake magana a kai. Ƙidayar dabbobi da aka yi a Nijeriya a shekarar 1990 ta gano shanu kusan miliyan 14, da tumaki miliyan 22, da awaki sama da miliyan 34. A Nijar kuwa, ƙidayar da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ta nuna cewa ƙasar na da dabbobin kiwo sama da miliyan 31.

Binciken kimiyya ya tabbatar da amfanin wasu daga cikin waɗannan magunguna. Wasu kuma an gwada su ba a ga wani tasiri ba, yayin da wasu kan hallaka dabbar da ake neman ceto.

Tarihi

Jinyar dabbobi da tsirrai ta girmi aikin likitan dabbobi na zamani da dubban shekaru.

A Masar an tono wata tsohuwar takarda a garin Kahun, wadda aka rubuta kimanin shekaru 1,800 kafin haihuwar Annabi Isa, tana bayani a kan cututtukan shanu da yadda ake jinyarsu.

A Indiya, Sarki Ashoka ya sa an sassaƙa a jikin duwatsu cewa ya ba da umarnin a shuka tsirran magani domin mutane da kuma dabbobi. Wannan ya faru ne a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa.

Malaman Musulunci sun rubuta littattafai masu yawa a kan wannan fanni, wanda Larabawa ke kira baiɗara. Mashahurin masanin tsirrai na Andalus, Ibn al-Baiɗar, wanda ya rasu a shekarar 1248, ya tattara bayanin magunguna kimanin 1,400. Ma'anar sunan nasa ita ce ɗan likitan dabbobi.

A ƙarni na 14, Abubakar ibn Badr, mai kula da lafiyar dawakin Sarkin Masar al-Nasir Muhammad, ya wallafa littafi a kan kiwon dawaki da jinyarsu, wanda daga bisani aka fassara shi zuwa Faransanci.

Makarantar koyon aikin likitan dabbobi ta farko a Turai an kafa ta ne a birnin Lyon na Faransa a shekarar 1761.

A arewacin Nijeriya, Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen kula da lafiyar dabbobi a Zariya a shekarar 1913, sa'an nan suka mayar da shi Vom, kusa da Jos, a 1924. Kafin wannan lokaci, da ma shekaru masu yawa bayansa, daji ne kantin maganin makiyayi.

Masu wannan ilmi

Akasarin wannan sani yana hannun Fulani makiyaya, da Buzaye masu raƙuma, da Larabawan Shuwa na yankin Tafkin Chadi, da masu kula da bargar dawaki a gidajen sarauta.

Mahauta ma suna da nasu kason, domin su ne ke ganin hanta da huhu da hanjin dabba bayan an yanka, har su danganta abin da suka gani da alamun da dabbar ta nuna tana raye.

A cikin gida kuwa, mata ne suka fi sanin maganin kaji da awaki.

Ilmin ana gadonsa ne da baki, daga uba zuwa ɗa, kuma wani ɓangare nasa sirri ne da ba a faɗa wa bare. Sau da yawa akan haɗa shi da addu'a ko laya, amma masu bincike sun fi mayar da hankali a kan itacen da kansa, tun da shi ne ake iya aunawa.

Makiyaya suna da sunayen cututtuka da suka yi daidai da na likitoci a wurare da dama. Akwai sammore, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, da ciwon huhu, da ciwon hanta, da kirci, da harbin daji, da bakkale mai sa saniya ɓari, da kuma bushiya.

Wanda ya fara rubuta sunayen tsirran ƙasar Hausa da amfaninsu dalla-dalla shi ne Dokta J. M. Dalziel, wani likita ɗan ƙasar Sikotlan da ya yi aiki a arewacin Nijeriya. Ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, da kuma babban littafi a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Da sunansa ne masana suka raɗa wa itacen hano sunan Boswellia dalzielii.

A shekarar 1980, wasu malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, N. Nwude da M. A. Ibrahim, sun wallafa jerin tsirran da ake jinyar dabbobi da su a Nijeriya. Shekaru shida bayan haka, wata masaniyar halayyar al'umma 'yar Amurka, Constance McCorkle, ta yi rubutun da ya sa aka ɗauki wannan nazari a matsayin fanni mai zaman kansa.

Yadda ake haɗawa

Hanyoyin sarrafa maganin kusan iri ɗaya ne da na mutane.

Akan jiƙa sassaƙe ko saiwa a ruwa su kwana, ko a tafasa su, a tace, a ɗura wa dabba da kwalba ko ƙaho.

Akan shanya ganye a inuwa, a daka, a gauraya garin da dusa ko kanwa domin dabba ta ci da kanta.

Maganin rauni da cutar fata kuwa akan kwaɓa shi da man shanu ko man kaɗe a shafa.

Akwai kuma hayaƙi, wanda ake turarawa a tsakiyar garke da yamma domin korar ƙudaje da sauro.

Baya ga tsirrai, makiyaya kan yi lalas, wato ƙona fata da ƙarfe mai zafi a kan kumburi, kan kuma yi ɗorin karaya da kara da tsumma, musamman ga ƙananan dabbobi.

Itatuwan da aka fi amfani da su

Maɗaci, wanda masana ke kira Khaya senegalensis, shi ne kan gaba. Ana ba da jiƙon sassaƙensa domin tsutsar ciki, da zawo, da sammore, da kuma doki mai ƙin cin abinci. Ɗacin nasa ya samo asali ne daga wasu sinadarai da ake kira limonoid, waɗanda ake samu a danginsa baki ɗaya.

Wani bincike da malaman Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa a 2002, bayan sun zanta da makiyaya a Jihar Kaduna, ya nuna cewa maɗaci ne aka fi ambata a matsayin maganin sammore. Baushe, da tsada, da gwandar daji suna biye da shi.

Bagaruwa, ko gabaruwa, 'ya'yanta cike suke da sinadarin tanin, wanda shi ne majema ke jima da shi. Wannan sinadari kan tsuke fata ya busar da gyambo, shi ya sa ake wanke baki da kofaton dabba da ruwansa, ake kuma ba da shi domin tsayar da zawo.

Marke an san shi da maganin tsutsar ciki, musamman ga dawaki da jakuna.

Sabara ita ce aka fi ƙonawa a ruga domin hayaƙinta, kuma ana ba da ganyenta ga dabba mai tari ko ciwon ciki.

Shuwaka ma ana ba da ita domin tsutsa. A shekarar 1987, wani masanin birai mai suna Michael Huffman, tare da wani jami'in gandun daji ɗan Tanzaniya, Mohamedi Seifu, sun ga wata gwaggon biri maras lafiya a tsaunukan Mahale tana ɓare reshen shuwaka tana tsotse ɗacinsa. Washegari ta ware, kuma wannan lamari ya buɗe wani sabon fagen nazari a kan yadda dabbobi ke yi wa kansu magani.

Dogon yaro, da wasu ke kira darbejiya ko bedi ko maina, baƙo ne a wannan yanki. Asalinsa daga Indiya ne, kuma an fara shuka shi a Borno a shekarar 1928. A 1968 masana a Ingila suka ware sinadarin azadiraktin daga ƙwallonsa, wanda ke hana ƙwari cin abinci da kuma saɓa. Man ƙwallon yana rage kaska da ƙwarƙwata da ƙazuwa, sai dai hasken rana kan kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, don haka sai an riƙa maimaitawa.

Majimfa, wadda masunta ke bugar da kifi da ita, tana ɗauke da sinadarin rotinon da danginsa. Ruwan ganyenta yana kashe kaska idan aka wanke dabba da shi, amma bai kamata ya malala cikin rafi ko tafki ba, domin zai kashe kifaye.

Aduwa tana da sinadarin saponin mai kumfa. A shekarar 1933, wani likita a Sudan mai suna R. G. Archibald ya nuna cewa 'ya'yanta suna kashe ƙananan dodon koɗi na cikin ruwa. Irin waɗannan dodon koɗi ne ke ɗauke da tsutsar da ke haddasa tsargiya ga mutane, da kuma tsutsar hanta ga shanu da tumaki masu kiwo a fadama.

Kanwa da gishiri da mai

Ba duka magungunan ne tsirrai ba. Kanwa tana da babban matsayi, kuma fataucinta daga ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi zuwa kasuwannin ƙasar Hausa tsohuwar sana'a ce.

Ciyawar wannan yanki ba ta wadatar da dabba da sinadarin sodiyam, wanda ke cikin gishiri da kanwa. Saboda haka ne dabbar da aka ba kanwa kan ƙara ci da sha.

Kanwa kan kuma rage tsamin tumbi idan dabba ta ci hatsi ya yi mata yawa. Idan aka wuce kima kuwa, ko aka ba da ita ba tare da isasshen ruwa ba, takan jawo zawo, har ma da mutuwa.

Neman wannan gishiri ne ke kai Buzaye da Fulanin Bororo da garkunansu zuwa filayen Ingal, a Jihar Agadez, a ƙarshen kowace damina. Daga nan ne bikin da ake kira Cure Salée da Faransanci, wato jinyar gishiri, ya samo asali.

Man gyaɗa da ake ɗura wa dabba mai kumburin ciki yana da hujja a kimiyya. Idan dabba ta ƙoshi da ɗanyar harawa, kumfa kan taru a tumbi ta hana iska fita, shi kuma mai yana fasa kumfar.

Amma ba kowane kumburi ne mai ke warkarwa ba. Gyauron dawa yana ɗauke da guba mai kisa cikin ɗan lokaci, ita kuma ledar da dabba ta haɗiya sai an yi tiyata ake fitar da ita.

Rigakafin ciwon huhu

Wani abin da ya ba Turawa mamaki shi ne samun makiyayan Afirka ta Yamma suna yi wa shanunsu rigakafin ciwon huhu ta hanyarsu ta gargajiya.

Sukan yanko ɗan guntun huhun saniyar da cutar ta kashe, su tsaga fatar karan hancin lafiyayya, su cusa shi a ciki. Wurin kan kumbura, daga baya ya warke, dabbar kuma ta samu kariya.

A wasu shanun wurin kan bar wani tsiro mai tauri kamar ƙaho. A shekarun 1880, wani masanin halittu Bafaranshe mai suna de Rochebrune ya ga irin waɗannan shanu daga yankin Senegal, ya ɗauka wani sabon jinsi ne mai ƙaho uku, har ya raɗa masa suna Bos triceros.

A Turai, wani likita ɗan Beljiyam, Louis Willems, ya bayyana irin wannan dabara a 1852, amma shi a wutsiya yake yi.

A yau likitoci ba su amince da wannan hanya ba, domin kumburin kan kashe wasu dabbobin, kuma naman da aka cusa kan iya shigar da wata cutar dabam. Cibiyar Vom, da ɗakin bincike na LABOCEL a Yamai, da LANAVET a Garwa ta Kamaru, suna sarrafa allurar rigakafin cutar, wadda ake bukatar maimaitawa a kowace shekara.

Abin da gwaji ya nuna

Hausawa kan ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Fannin da aka fi yin gwaji a kansa shi ne na tsutsar ciki, domin yana da sauƙin aunawa.

Akan ƙirga ƙwan tsutsa a cikin kashin dabba da madubin likita kafin a ba ta magani, a sake ƙirgawa bayan kwana 10 zuwa 14. Maganin zamani ana ɗaukarsa mai aiki ne idan ya rage ƙwan da aƙalla kashi 95 cikin 100.

Tsutsar da ta fi yi wa tumaki da awaki ɓarna da damina ita ce Haemonchus, mai shan jini a cikin tumbi. Mace ɗaya kan yi ƙwai dubu 5 zuwa dubu 10 a rana. Alamunta su ne farin ido, da kumburin ƙarƙashin haɓa, da kasala.

A 2004, masu bincike na Jami'ar Ibadan sun wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewa sinadarin da aka tatso daga sassaƙen maɗaci ya rage ƙwan tsutsa a jikin tumaki.

Kazalika, gwaje-gwaje a Amurka da Turai sun nuna cewa ciyar da tumaki da awaki ganyaye masu tanin yana rage yawan tsutsa da ƙwanta. Idan tanin ɗin ya yi yawa kuwa, yakan rage wa dabba ci, ya kuma hana abinci narkewa sosai.

A ɗaya ɓangaren, gwajin ganyen dogon yaro da aka yi a kan tumaki a Kenya da Brazil bai nuna wani tasirin a zo a gani a kan tsutsar ba.

Abin da akasarin gwaje-gwajen suka nuna shi ne, tsirran da ke aiki suna rage tsutsa ne, ba kasafai suke kaiwa matakin maganin zamani ba.

Game da sammore, an samu tsirrai da dama da ke kashe ƙwayar cutar a cikin kwalbar gwaji ko a jikin ɓeraye. Sai dai har yanzu magungunan da likitoci ke dogara da su a jikin shanu su ne diminazin, wanda aka fi sani da Berenil, da isometamidiyam, wato Samorin, waɗanda suka fito tun a 1955 da 1961.

Wani abin lura shi ne, cututtuka da yawa kan warke da kansu. Manyan shanu kan murmure daga ciwon baki da kofato cikin mako biyu zuwa uku, ko an ba su magani ko ba a ba su ba. Ruwan bagaruwa ko zuma kan taimaka wa gyambon ya warke, amma ba su ne ke kashe ƙwayar cutar ba.

Magungunan zamani masu asali da tsirrai

Iyakar da ke tsakanin maganin gargajiya da na zamani ba ta da kauri kamar yadda ake zato.

Magungunan feshin kaska irin su saifametirin da deltametirin an kwaikwayi sinadarin furen fairetiram ne wajen haɗa su, furen da aka daɗe ana nomawa a Kenya.

Halofujinon, da ake bai wa kaji da maruƙa domin wasu cututtukan hanji, an samo shi ne daga sinadarin wani tsiro da Sinawa suka daɗe suna maganin zazzaɓi da shi.

Aibamektin kuwa, maganin tsutsa da ƙazuwa da ya shiga kasuwa a 1981, daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasar Japan aka samo shi. Waɗanda suka gano shi, Satoshi Omura da William Campbell, sun raba kyautar Nobel ta 2015 da Tu Youyou ta Sin, wadda ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro daga wani nau'in tazargade.

Bambancin shi ne, a masana'anta ana ware sinadarin, a auna shi, a gwada yawan da ke warkarwa da wanda ke kisa.

Inda tsirrai ba su da tasiri

Babban darasi a nan shi ne na bushiya. Cutar ta shigo Afirka ta gaɓar Eritiriya a 1887 tare da shanun da sojojin Italiya suka kawo, ta kuma iso Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1890. A wurare da yawa ta kashe kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na shanu, duk da ƙwarewar makiyayan wancan zamani.

Ta sake yin mummunar ɓarna a Nijeriya a 1983. Allurar rigakafi ce ta kawo ƙarshenta, kuma a 2011 aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Haka abin yake ga annobar PPR mai kashe awaki da tumaki, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya suka ɗaura aniyar kawarwa nan da 2030.

Ga kaji, akan zuba barkono, ko gautan kura, ko sassaƙen maɗaci a ruwan shansu idan annobar hunturu ta taso. Wannan annoba galibi cutar Nukasil ce, kuma babu wani tsiro da aka tabbatar yana warkar da ita. Akwai allurar rigakafi mai suna I-2, mai jure zafi, da ake ɗiga wa kaza a ido, kuma ana sarrafa ta a Vom.

Haɗarin ya fi girma a cututtukan da ke kama mutane. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Jihar Kaduna da kuma Magarya ta Nijar a watan Fabrairun 2006, tana kama da Nukasil a ido.

Ciwon saifa, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a Suleja a watan Yulin 2023, kan kashe dabba farat ɗaya, jini na fita ta hanci da dubura. Ba a feɗe irin wannan mushe, domin ƙwayar cutar kan rayu a cikin ƙasa shekaru aru-aru.

Bakkale da tarin fuka kan shiga mutum ta ɗanyar madara, shi kuma haukan kare ba shi da magani da zarar alamunsa sun bayyana. A duk waɗannan, jinkirin da aka yi ana jiƙe-jiƙe kan ba cutar damar yaɗuwa.

Guba da sauran haɗura

Babbar matsalar maganin gargajiya ita ce ta awo. Ƙarfin sassaƙe kan bambanta gwargwadon shekarun itacen, da ƙasar da ya tsiro, da lokacin da aka sassaƙo shi. Cikin tafin hannu ɗaya da ya dace da sa zai iya kashe maraƙi.

Akwai kuma tsirrai masu guba da makiyaya suka sani sarai. Samberu kan kashe shanu da tumaki ta hanyar tsayar da zuciya. Tururubi, wanda ke saurin tohowa bayan an ƙona daji, lokacin da babu wata ɗanyar ciyawa, kan ƙona hanjin dabba.

Ruwan tumfafiya kan lalata ido, kuma yana taɓa zuciya idan aka sha. Ruwan taba da ake wanke dabba da shi domin ƙwarƙwata kan ratsa fata ya bugar da ita.

Ɗura da gaggawa, ko ɗaga kan dabba sama da yawa, ko riƙe harshenta, kan sa maganin ya faɗa huhu ya jawo ciwo mai kisa.

A 'yan shekarun nan an samu wata sabuwar al'ada ta gauraya sassaƙe da baƙin mai, ko kalanzir, ko maganin ƙwari, ko kafso na mutane. Irin wannan haɗi kan bar guba a cikin nama da madara da ƙwai da jama'a ke ci.

Dalilin da ya sa ake komawa gare su

Tsada da nisa su ne manyan dalilai. Bayan shirin tsuke bakin aljihu da Nijeriya ta fara a 1986, gwamnati ta rage tallafin da take bai wa ayyukan lafiyar dabbobi. A Nijar da Kamaru da Chadi, karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta ninka farashin magungunan da ake shigowa da su.

Akwai kuma jabun magunguna a kasuwannin ƙauye, da bijirewar da tsutsar ciki da ƙwayar sammore ke yi wa magungunan da aka daɗe ana amfani da su.

A ƙasashen da suka ci gaba ma sha'awar ta ƙaru. Tun ranar 1 ga Janairun 2006 Tarayyar Turai ta haramta zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi domin sa su saurin girma, abin da ya sa kamfanoni suka koma gwada man tsirrai masu ƙamshi a maimakonsu.

Doka da makomar itatuwan

A Nijeriya, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin yi wa magungunan dabbobi da na gargajiya rajista idan za a sayar da su a cikin kwalba ko fakiti. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo.

Yarjejeniyar Nagoya, wadda aka cimma a 2010 ta kuma fara aiki a 2014, ta tanadi cewa duk wanda zai ci ribar ilmin gargajiya na wata al'umma sai ya nemi yardarta, ya kuma ba ta kasonta.

Sai dai itatuwan kansu suna fuskantar barazana. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya maɗaci cikin jerin itatuwan da ke cikin haɗari. Madobiya, wadda ganyenta ke ceton shanu da bazara, an sanya cinikin katakonta ƙarƙashin sa idon yarjejeniyar CITES tun 2017, saboda yawan saran da ake yi mata ana fitarwa waje.

Sassaƙe itace zagaye kan kashe shi, domin ta cikin ɓawon ne abincinsa ke sauka zuwa saiwa. Masana gandun daji kan ba da shawarar a ɗebi ɓangare ɗaya kawai, a bar shi ya warke kafin a sake komawa.

Shi ma ilmin yana raguwa yayin da tsofaffi ke rasuwa, matasa kuma ke barin ruga saboda rashin tsaro da ƙarancin wuraren kiwo.

Likitocin dabbobi da ke nazarin fannin sun fi karkata ga haɗa hanyoyin biyu. Tsirran da aka gwada suna da gurbinsu a raunuka, da ƙwarin fata, da rage tsutsar ciki, yayin da cututtuka masu yaɗuwa ke bukatar allurar rigakafi, da killace dabbar da ta kamu, da kuma kai rahoto ga ofishin lafiyar dabbobi mafi kusa ba tare da ɓata lokaci ba.